Kujerar Alƙali a Ƙasar Gwandu

Kafin zuwan Turawa alƙali a ƙasar Gwandu wakilin Sarki ne. Sarki ke naɗa shi, amma littafi ke mulkinsa, wato fiƙihun Malikiyya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya ci Birnin Kebbi da yaƙi a 1805, ya yi bayanin wannan aiki a littafinsa Diya'ul Hukkam da ya rubuta a Kano. Ana son alƙali ya zama masani, adili, mai daidaita masu ƙara a gabansa ko da ɗaya basarake ne ɗaya talaka. Muhutai da ke zaune tare da shi shawara kaɗai suke ba shi, yanke hukunci kuwa nasa ne.

Da Ingilishi suka ci ƙasar a 1903 ba su rushe kujerar ba. Sai suka kasa kotuna daraja-daraja, suka bar wa kotun Sarki hurumin shari'ar kisa, suka kuma ɗora idon Razdan a kan komai. A ganina a nan ne aka raba alƙali da littafinsa, ko da yake ɓarakar ba ta fito fili ba sai a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar En'e ta Gwandu. Mutumin ya kashe kwarton matarsa. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa hukuncin kisa, domin a Malikiyya fushi ba ya sauke ƙisasi daga wanda ya yi kisa da gangan. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin, bisa hujjar cewa dokar laifuffuka ta Turawa tana sassauta wa wanda aka tunzura. To, wane littafi ke nan alƙali zai buɗe? Sarakuna da malamai suka yi ta ƙorafi, aka yi ta yi wa doka kwaskwarima har aka kai ga dokar Final Kod wadda ta fara aiki a 1960.

A shekarar ne kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, shugabanta shi ne Alƙalin Alƙalai, muƙamin da Malam Abubakar Gumi ya hau a 1962. Amma huruminta bai wuce al'amura irin su aure, gado da waƙafi ba. Dokar 1967 ta soke kotunan sarakuna, ta mayar da alƙalan Birnin Kebbi da Argungu ma'aikatan gwamnati. Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 1991, ta mayar musu da shari'ar laifuffuka a 2000, amma wannan karon bisa rubutacciyar doka ta majalisar jiha.