Jirgin Bom Mai Tashi Daga Kan Jirgin Ruwa

Mai sauraronmu na Jushi, Zariya, ka tambaya ko da gaske jirgin bom na tashi daga kan jirgin ruwa. To malam, gaskiya ne. Ga Buccaneer na Ingila nan, wanda ya fara tashi a 1958, sojan ruwa suka karɓe shi a 1962. Da yake filin gudu gajere ne, ba kamar na makarantar tuƙin jirgi ta Zariya ba, da ƙarfin tururi ake cilla shi, kamar dutse a danƙo. Don jiragen ruwan Tarayyar Sobiyet aka ƙera shi, amma ba su taɓa gwabzawa ba. Mu 'yan Afirka ne muka ɗanɗana kuɗarsa, domin gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta sayi 16, ta yi ruwan bama-bamai da su a Angola a 1978. Ingila ta jingine nata a 1994.