Ummul Barahin da Imanin Talaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya yi mana baiwar hankali, sa'annan Ya aiko manzanni domin su shiryar da shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Kelle da kewaye, da duk wanda muryarmu ta kai gare shi daga duwatsun Kutus har Gure, akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin samarinmu, musamman waɗanda suka yi zurfi a karatun lakwal a Damagaram ko Yamai, da waɗanda waya ba ta barin hannunsu. Sukan ce: Malam, shin samuwar Allah abu ne da hankali ke iya tabbatarwa, ko kuwa gado ne kurum muka tarar? Iyaye in sun ji haka sai gabansu ya faɗi, su ce yaro ya lalace. Wasu masu wa'azi kuma su ce tambayar ita kanta bidi'a ce. Mu kam ba mu firgita ba, domin tambayar ta girme mu duka. Malaman wannan ƙasa sun yi ta, sun rubuta littattafai a kanta, har ta haddasa rigimar da ta taɓa aure da yanka. Tarihin wannan rigima muke so mu ɗauko a zaman yau.

Asalin kafa hujja a kan Mahalicci daga Alƙur'ani yake. A cikin Suratul An'am an ba mu labarin Annabi Ibrahim, tsira ya tabbata a gare shi, yadda ya dubi tauraro da wata da rana, ya nuna wa mutanensa cewa abin da ke fitowa ya faɗi bai cancanci bauta ba. Da Musulunci ya yaɗu, Musulmi suka cuɗu da ma'abota wasu addinai da masu karanta falsafar Yunanawa, sai buƙata ta taso a tsara waɗannan hujjoji su zama fanni, aka kira shi ilmin kalam ko ilmin tauhidi. Babban limamin wannan fanni a wurinmu shi ne Abul Hasan al-Ash'ari, haifaffen Basra, wanda ya yi shekaru cikin Mu'utazilawa kafin ya bar su, ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 324 bayan Hijira. Bayansa Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya raba samammu gida biyu, wanda samuwarsa wajibi ce da wanda samuwarsa mai yiwuwa ce kawai. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masana falsafa raddi a kan cewa da suka yi duniya ba ta da farko, amma bai jefar da ma'aunin hankalinsu ba, ya karɓe shi ya yi aiki da shi.

Wanda ya tattara wannan dogon aiki ya ƙulle shi a ƴan warƙoƙi shi ne Shehu Muhammadu ɗan Yusufu as-Sanusi, mutumin Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 895 Hijiriyya, daidai da 1490. Ya rubuta aƙida babba, da matsakaiciya, da ƙarama. Ƙaramar ita ce ake kira Ummul Barahin, wato uwar hujjoji, kuma ita ce ta ƙetaro hamada ta zauna a zaurukan malamai daga Timbuktu har Borno. Kutus da Muniyo sun daɗe a ƙarƙashin inuwar Borno, saboda haka almajirin da ya fita daga wannan yanki neman ilmi, in ya wuce Ahalari da Ishmawi da Risala ya nufi tauhidi, da wuya bai gamu da ita ba.

Abin sha'awa, littafin ya fara ne da hankali kafin ya ambaci sifa ko ɗaya ta Ubangiji. Ya ce hukuncin hankali uku ne. Akwai wajibi, abin da hankali ba ya iya suranta rashinsa, kamar a ce duk dutse sai ya cika wani gurbi. Akwai korarre, abin da hankali ba ya iya suranta samuwarsa, kamar a ce tulu ɗaya a lokaci ɗaya yana cike kuma babu kome a cikinsa. Akwai mai halatta, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa, kamar saukar ruwa a Kelle gobe. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya riƙe mabuɗin littafin.

To, wannan duniya a wane gida take? Ku dubi abin da ke gabanku. Tudun rairayin da ke gabas da gona bara, bana iska ta matsar da shi. Gero ya tsiro, ya yi kore, ya bushe. Duk jikin da muka sani ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, kuma motsi da tsayuwa muna ganin ɗayansu yana zuwa bayan babu shi. Abin da ba ya taɓa rabuwa da fararren abu, shi ma fararre ne. Duniya ke nan tana da farko, kuma kafin ta samu, samuwarta da rashinta daidai suke a hankali. Nan ne gaɓar hujjar. Ku ɗauki sikelin mai sayar da kanwa a kasuwa, tafukansa biyu babu kome a ciki, suna tsaye daidai. In kun ga ɗaya ya rinjaya, kun san an ɗora masa wani abu, ko da ba ku ga hannun ba. Wanda ya ce duniya ta samar da kanta yana cewa ne tafukan nan daidai suke kuma ɗaya ya rinjaya ba da sababi ba, wannan kuwa korarre ne.

Sai yaro mai wayo ya ce: to Shi wa ya samar da Shi? Sanusi bai tsallake wannan ba, kuma mu ma kada mu tsawata wa mai yin ta. A ce a lokacin bazara kun ranci mudun gero wurin maƙwabci, shi kuma ya ce ranto shi ya yi wurin wani, wancan ma ranto shi ya yi. In aka yi ta tafiya haka ba a taɓa isa ga mai rumbu ba, to babu geron da zai kai tukunyarku. In kuma aka ce na farko ya ranta wurin na biyu, na biyu ya ranta wurin na farko, magana ta zama wasa. Ga gero kuwa a tukunya. Tilas akwai wanda geron nasa ne, bai ranta wurin kowa ba. Haka samuwa take: duk fararre aron ta ya yi, kuma dole aron ya tuƙe ga Wanda samuwarsa ba aro ba ce, ba Shi da farko. Malamai suna kiran hanyoyin nan biyu da suka toshe tasalsuli da dauru. A kan wannan tushe littafin ya gina sifofi 20 da suka wajaba ga Allah, da kishiyoyinsu 20 da suka koru, sa'annan ya nuna cewa dukkansu suna ƙunshe cikin kalmar shahada.

Malaman ƙasashenmu ba su tsaya ga haddace wannan littafi ba. Fulani sun mayar da shi karatun baka da harshensu, suka kira shi kaɓɓe, daga kalmar ɗauri, kamar yadda aƙida take daga ƙulli a Larabci. A ƙarshen ƙarni na 17, wajen 1688, wani malami Bafulatani a ƙasar Bagarmi, Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, ya mayar da sharhin da ake yi da Fulatanci zuwa Larabci, ya sa masa suna al-Manhajul Farid. A ƙarni na 18 kuma Shehu Ɗahiru ɗan Ibrahim al-Fallati na Borno ya waƙe aƙidar Sanusi babba domin sauƙin hadda. Duk wanda ke zaton tunani mai zurfi a kan samuwar Allah baƙo ne da ya zo mana da Nasara, to ya san an yi wannan aiki a bakin Tafkin Cadi shekaru ɗari biyu kafin Faransa ta kama Damagaram a 1899.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. A cikin littattafan kalam akwai wata mas'ala, hukuncin mai koyi, wato wanda ya yi imani saboda ya ji iyayensa da malamansa sun faɗa, amma bai san hujja ba. Sanusi kansa ya tsananta a kanta a aƙidarsa babba, al-Wali na Bagarmi ya ƙara tsanantawa. Da maganar ta faɗa hannun ɗalibai masu ƙaramin sani da zafin kai, sai suka fita da ita kasuwa. Malamin Maroko al-Hasan al-Yusi, wanda ya rasu a 1691, ya ba da labarin abin da ya gani a Sijilmasa: ɗalibai suna tare talakawa suna yi musu tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa amsawa yadda suke so su ce shi ba Musulmi ba ne, ba a cin yankansa, ba a ba shi aure. Irin wannan ta bayyana a ƙasar Hausa a ƙarshen ƙarni na 18. Ku auna nauyin abin. Tsoho ya yi shekara sittin yana salla da azumi, yaro sa'an jikansa ya tare shi ya ce kawo hujjar cewa Allah ba Ya kama da fararrun abubuwa, ya yi shiru, shi ke nan a ce aurensa da uwar ƴaƴansa akwai magana.

Wanda ya tsaya tsayin daka a kan wannan fitina shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya rasu a Sakkwato a 1817. Kada wani ya zaci Shehu baƙo ne ga fannin. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta cewa a wurin Shehu ya karanta tauhidi daga littattafan Sanusi da sharhohinsu. Ɗansa Muhammadu Bello kuma ya faɗa a Infaƙul Maisuri cewa rubuce-rubucen Shehu na raddi ga waɗannan mutane sun kai hamsin. Daga cikin inda ya taɓo maganar akwai Nasa'ihul Ummatil Muhammadiyya da Hisnul Afham, da wani ɗan littafi wanda sunansa kaɗai ya isa bayani, domin yana faɗakar da ɗalibai cewa ana sanin Allah da fiɗira, wato halittar da aka halicci mutum a kanta.

Hujjar Shehu mai sauƙi ce. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya karɓi Musuluncin makiyaya da bayi da tsofaffi da kalmar shahada, bai taɓa zaunar da kowa ya yi masa jarrabawar jauhari da arali ba, haka sahabbai bayansa. Hukuncin duniya a kan zahiri yake, abin da ke zuci Allah ne masaninsa. Tushen aƙida duk yana cikin Alƙur'ani tare da hujjojinsa. Shi kuwa ilmin kalam da ƙa'idojinsa, yana da amfani wurin kare aƙida da warware shubuha, amma in wasu sun ɗauke shi ya sauka daga kan saura. Gazali ma a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta littafi yana hana a jefa talakawa cikin wannan fanni.

A ganinmu, kuskuren ɗaliban nan ya fi rashin ladabi zurfi: ba su gane mene ne hujja ba. Sun ɗauka hujja ita ce lafazin da ke cikin littafi. Alhali malamai sun bambanta sanin dalili a dunƙule da saninsa a fayyace. Makiyayin da ke bin raƙumarsa da ta ɓace a arewacin Kutus, ya duƙa ya dubi sawu ya ce ta wuce nan da hantsi, tana ɗingishi da ƙafar hagu, wannan mutum yana aiki da ƙa'idar Sanusi ne sak, cewa alama ba ta samuwa sai da mai barinta. In ka tambaye shi wa ya yi sama, zai ce Allah, in ka ce ta yaya ka sani, zai nuna maka sama ya yi mamakin tambayarka. Yana da dalili, sunan dalilin ne da Larabci bai sani ba. Kiran irin wannan mutum mai koyi tsantsa zalunci ne.

Gaskiyar tarihi ta wajabta mana ƙara wani abu, tunda mu mutanen gefen Borno ne. Kafirta Musulmi bai ƙare da wannan rigima ba, ya sake dawowa ta wata ƙofa. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi, wanda muke kira Shehu Laminu, ya yi musayar wasiƙu da Sakkwato yana tambayar dalilin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa saɓo ba kafirci ba ne. Su kuma suka amsa da nasu hujjojin, kuma Bello ya adana wasiƙun ɓangarorin biyu a cikin littafinsa. Ba mu zauna nan domin mu yi alƙalanci tsakanin waɗannan manya ba. Abin da muka lura da shi kawai, ma'aunin da Shehu Laminu ya riƙe, na hukunta mutum da zahirin Musuluncinsa, shi ne wanda Shehu Usmanu ya kare talakawan Gobir da shi tun farko.

Saboda haka saurayin da ya zo da tambayarsa, a zaunar da shi, a buɗe masa Ummul Barahin, a bi da shi hukunce-hukuncen hankali uku har zuwa dauru da tasalsuli, in ya kawo shubuhar da ya gani a waya a saurare ta har ƙarshe kafin a amsa. Littafin ƙarami ne, ana iya gama shi da sharhi kafin Salla in aka ba shi ɗan lokaci bayan tafsiri kowane dare. Sharaɗi ɗaya muke gindaya wa duk wanda ya zo: in ya koma gida ya tarar da kakarsa tana jan tasbaha tana jiran kiran sahur, ya gaishe ta, ya ci abin da ta dafa, kada ya tambaye ta hujjar ƙidamu. Wallahu a'alamu.