Kafar COM: Yadda Kwamfuta Ɗaya Ke Riƙe Modem Da Yawa

Masu sana'ar tura kati da data a nan Sabo, Ibadan, suna yawan tambayata yadda ake haɗa modem takwas ko sha shida a kwamfuta ɗaya. Ga bayanin a taƙaice.

Kafar siriyal hanya ce da bayanai ke bi ɗaya bayan ɗaya. Tsarinta, RS-232, ya samo asali a Amurka tun shekarun 1960. Yanzu ta USB ake jona modem, amma kwamfuta tana kallon kowanne a matsayin kafa: Windows ta kira su COM3, COM4, Linux kuma ttyUSB0, ttyUSB1.

Da umarnin AT manhaja ke magana da modem. AT+CMGS na tura saƙo, AT+CUSD na danna lambobin USSD, AT+CSQ na duba ƙarfin sabis. Masu rubutu da Python galibi pySerial suke ɗauka.

Ga abin da nake so a riƙe: kada manhajarka ta dogara da lambar COM. Idan aka cire waya aka sauya mata rami, lambar na iya canzawa. Layin MTN da ke COM5 jiya, yau sai ka tarar na Glo ne a wurin, umarni ya tafi inda bai dace ba, kuɗin kwastoma ya maƙale. A kara ma da shaidar jikinta ake gane saniya, ba da turken da aka ɗaure ta ba. Shaidar modem ita ce IMEI, lambobi 15, kuma AT+CGSN ke fito da ita. Duk sanda manhaja ta tashi, ta fara tambayar kowace kafa wane ne a ciki.

Sauran ƙa'idoji:

1. A Windows manhaja biyu ba sa buɗe kafa ɗaya lokaci guda.
2. Kowace kafa ta samu zaren aikinta da iyakar lokacin jira, don modem ɗaya da ya yi shiru kada ya tsayar da sauran.
3. Saurin ɓangarorin biyu ya zo ɗaya, misali 9600 ko 115200.
4. Ramin USB 2.0 miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, don haka a sayi mahaɗi mai wutar kansa.

Sannan kowane layi ya zama an haɗa shi da NIN, kamar yadda NCC ta wajabta tun Disambar 2020. Allah Ya ba da sa'a.