Malamin daji da aikin wayar da kai: Abin da ya kamata a sani, daga Damri zuwa Maradi

A ƙauyukan da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun, an fi sanin malamin daji da aiki guda: kama wanda ya sari itace ba da izini ba, da yanka masa tara. Sai dai kare daji da ƙasar noma a yau yana neman ma'aikacin da zai iya zama da manomi da makiyayi da mai gawayi, ya saurare su, ya kuma fahimtar da su. Wannan fasaha ce da ake koyo, kuma horar da ma'aikata a kanta shi ne ginshiƙin abin da masana ke kira ilimin muhalli.

Mene ne ilimin muhalli?

An tsara manufofinsa a babban taron da hukumomin UNESCO da UNEP na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shirya a birnin Tbilisi a 1977. Taron ya tsayar da buri biyar: farkar da jama'a, ba su sani, gyara halayensu game da muhalli, koya musu dabarun aiki, da sanya su cikin yanke shawara. Buri na ƙarshe ya fi sauran wuya, domin yana nufin ma'aikaci ya karɓi shawarar mutanen da a da umarni kawai yake ba su.

Ina ake horar da ma'aikatan?

A Najeriya, Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan ce ke kula da manyan kwalejojin wannan fanni, ciki har da Kwalejin Gandun Daji ta Jos, da ta Afaka a Kaduna, da Kwalejin Kula da Namun Daji ta New Bussa a Jihar Neja. A cikin yankin kuwa akwai Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura.

Gandun daji na hannun gwamnatocin jihohi ne, don haka albashin malamin daji da horonsa nauyi ne na Gusau. Amma akwai manyan shirye-shirye biyu da suka shafi Zamfara. Na farko shi ne shirin kafa shingen itatuwa don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da ya ƙunsa. Na biyu shi ne ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Duka biyun sun dogara ne ga haɗin kan mutanen karkara.

Tarihin da ma'aikaci zai tarar

Duk wanda ya zo wannan yanki da saƙon gwamnati game da ƙasa da ruwa, tarihin Bakalori ya riga shi isowa. An kammala madatsar ruwan a kan Kogin Sakkwato a 1978, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, manoma suka yi ta ƙorafi kan diyya. A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, masu bincike kuma suka ce ɗaruruwa ne. A ƙasan madatsar, ambaliyar da ke shayar da fadamu duk shekara ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. An yi aikin ne ba tare da an nemi bakin masu ƙasar ba, kuma rashin yardar da ya haifar bai gushe ba.

Zamfara ta kuma ga amfanin wayar da kai da idonta. Bayan gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum tun daga 2010, magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa sun tafi ne tare da shawo kan iyalai su daina niƙa duwatsun zinariya a cikin gida. Ta bakin hakimai da dagatai da limamai saƙon ya shiga.

Darasin Maradi

A Jamhuriyar Nijar, tsohuwar dokar daji ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati ko da a gonar mutum suka tsiro. Saboda tsoron tara, manomi kan tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Daga 1983, wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman Maradi kan dabarar da ake kira sassabin zamani. Maimakon a share duk tohon da kututture ya yi, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran, har su zama itace. Dabarar ta bazu ne yayin da manoma suka sami tabbacin cewa itacen nasu ne, ma'aikatan daji kuma suka sassauta kame suka koma ba da shawara. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Harshe ɗaya ake yi a Maradi da Damri, itatuwan ma kusan iri ɗaya ne.

Abin da ya dace horon ya ƙunsa

Na farko shi ne bayani da Hausar manomi. Ma'aikaci ya iya faɗin dalilin da gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo: itacen yana zubar da ganye da damina, bai tare wa shuka rana, ga taki da yake bari. Na biyu shi ne sanin masu faɗa a ji, wato sarkin noma, ardo, liman, shugabannin masu itace da na maharba. Na uku shi ne isa ga mata, domin su ne masu girki da itace, kuma a gidaje da yawa mace ce kaɗai za ta iya shiga ta yi musu bayanin murhu mai tsimin makamashi. Na huɗu shi ne sasanci kan burtali da mashaya. Na biyar shi ne auna sakamako da abin da ya rayu: dashe nawa ne ya kai damina ta biyu, gona nawa ce ta bar toho.

Babban cikas

Tsaro ne. A watan Mayun 2022, 'yan bindiga suka kashe mutum aƙalla 48 a Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a ƙaramar hukumar Bakura. Dazuzzuka da dama na jihar sun zama mafakar 'yan bindiga, ma'aikaci mai kaki ba ya iya leƙa su. A irin wannan hali, hanyar da ta rage ita ce ma'aikaci ya horar da 'yan gari su koyar da junansu, a kuma yi amfani da rediyo da ranakun kasuwa da makarantu.

Tambayar da mazauna yankin ke da haƙƙin yi wa Gusau da masu tafiyar da waɗannan shirye-shirye a bayyane take: cikin kuɗin dashen itatuwa, nawa aka ware domin horar da ma'aikata, kuma ma'aikata nawa ne suka isa ƙauyuka bayan an tashi daga taron bita?