Ƙwallon 'yan dagaji: Daga filin firamare zuwa gidan kallo

Idan ana tarihin ƙwallon ƙafa a Arewa, yawanci daga Kano ake farawa, a nan kuma ake tsayawa. A tuna da Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978, a tuna da Kano Pillars da ta ɗauki kofin a 2008, sannan ta jera uku daga 2012 zuwa 2014. To amma mai karatu ya sani cewa ita kan ta Pillars ɗin, haɗa ƙananan kulob uku aka yi a 1990 aka samar da ita: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Wato daga ƙasa aka faro.

A garuruwa irin su Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Ɓaɓura, tamaula ta shigo ne ta hanyar makarantar boko. Filin firamare shi ne sitadiyam. Bayan sallar La'asar samari su taru, wani da takalmi, wani ƙafa huhu lahu, malamin makaranta ya riƙe usur. Da damina gona ce a gaba. Sai an yi girbi gasa ke kankama. Kuɗin ƙwallo da na riga karo-karo ne, haka ma kuɗin motar da za ta kai 'yan wasa Ɓaɓura ko Kazaure. Kofi kuwa sai wani mai hali ko ɗan siyasa ya sanya.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, sai wannan yanki ya fita daga Jihar Kano. Hedikwata ta koma Dutse, alhali hanya da kasuwa da zuciyar 'yan kallo duk Kano su ka fuskanta. Kulob ɗin sabuwar jihar, Jigawa Golden Stars, ya sha hawa da sauka: ya hau babban rukuni a 2019, ya faɗo a 2021.

Babban sauyi ya zo ne a shekarun 2000, lokacin da gidajen kallo su ka yawaita. Mai janareto da tauraron ɗan'adam ya kan haska fim ɗin Hausa ko na Indiya, ran Asabar kuma ya juya zuwa Firimiyar Ingila. Zuwan Nwankwo Kanu Arsenal a 1999, da Mikel Obi Chelsea a 2006, ya ja dubban matasa. Nan da nan yaran unguwa su ka riƙa laƙaba wa kulob ɗin su sunayen na Turai. Wanda a da zai tsaya bakin fili ya ga ƙanen sa na buga wa gari, yanzu ya na kan benci ya na musu a kan Manchester.

Su ma ƙananan rukunonin na ƙasa ba su taimaki kan su ba. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukuni da aka yi a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine kuma ta ci Bubayaro 67 da nema. Duniya ta yi dariya, hukumar ƙwallo ta NFF ta dakatar da kulob huɗun na shekara 10. Wa zai ga haka ya ƙara yarda da alƙalin wasa?

Duk da haka filin firamare bai mutu ba, domin har gobe da yamma ƙura na tashi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsanin da yaro zai taka daga can zuwa Dutse ko Kano, da kuma mai rubuta wa ya ci, wa ya sha kashi. Marubutan mu da masu shirya finafinai sun cika mana kasuwa da soyayya. Ga labari nan kwance a bakin fili, da jarumi da mugu da 'yan kallo, saura mai ɗauka.