Gobe da Jibi: Yadda Magabata Suka Bi da Abokin Ciniki Mai Gajen Haƙuri



Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halatta ciniki Ya haramta riba, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da yawa daga cikin matasanmu a yau da ƙaramar sana'a suke riƙe kansu: wani tela ne, wani gyaran waya yake yi, wata atamfa da turaren wuta take sayarwa daga ɗakinta. Kukan da ya fi yawa a bakinsu shi ne na abokin ciniki mai gajen haƙuri, wanda zai ba da kafin alƙalami da safe, kafin azahar ya buga waya sau uku, da daddare kuma ga saƙo ta WhatsApp yana tambaya ko an gama. Wasu sukan ɗauka wayar salula ce ta haifi wannan ɗabi'a. Gaskiyar magana ita ce wayar sauƙaƙa zirga-zirgar kawai ta yi, domin tun a kasuwar Madina akwai mai zuwa neman haƙƙinsa da tsawa, har da mai zuwa kafin lokaci ya yi. Abin da tarihi ya nuna shi ne magabata da abu biyu suka magance matsalar: yanke wa'adi bayyananne tun ranar ciniki, da kuma daurewa da kyautatawa idan mai haƙƙi ya zo a fusace.

Dabinon Madina da wa'adi sananne

Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622 Miladiyya, ya tarar da mutanen garin da wata al'ada ta ciniki. Mai kuɗi yakan biya manomi kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe shi. Wannan shi ake kira cinikin salam. Manomi yana samun abin da zai yi hidimar gona, mai saye kuma yana samun rangwame. Sai dai ƙofar rigima a buɗe take, domin wanda ya fitar da kuɗinsa ya koma hannu rabbana ba ya samun natsuwa sai ya ga kaya. Manzon Allah bai hana cinikin ba. Kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas, sharaɗi ya gindaya masa: a san awon, a san nauyin, a kuma san ranar da za a kawo kayan. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, wato ta 282 a cikin Suratul Baƙara, ita ma a kan wannan turba take, domin ta yi umarni da a rubuta bashin da aka yanke wa lokaci, kuma an ruwaito cewa Ibn Abbas da ita ya kafa hujja a kan halaccin salam.

Mai karatu ya lura da hikimar da ke nan. Mutumin da aka ce masa "sai an gama", kullum a wurinsa ranar karɓa ce, don haka kullum yana da dalilin leƙowa. Wanda kuwa aka yanke wa rana ya san iyakar jiransa, kuma mai sana'a ya samu abin da zai tunatar da shi cikin ladabi.

Masu haƙƙi a ƙofar Manzon Allah

Yanke wa'adi bai isa ya canza halin ɗan Adam ba, shi ya sa littattafan hadisi suka adana mana labaran waɗanda suka zo da kaushin harshe. Abu Huraira ya ba da labarin wani mutum da yake bin Manzon Allah bashin raƙumi, ya zo karɓa ya faɗi maganganu masu zafi, har sahabbai suka yunƙura za su taɓa shi. Manzon Allah ya hana su, ya nuna musu cewa wanda yake da haƙƙi ba a toshe masa baki. Da aka nemi raƙumi tsaran nasa ba a samu ba sai wanda ya fi shi, ya ce a ba shi wannan ɗin, ya kuma sanya kyautata biyan bashi cikin alamomin mutanen kirki. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim.

Labari na biyu ya fi kusa da halin da 'yan kasuwarmu suke ciki, shi ne na Zaidu ɗan Sa'ana, ɗaya daga cikin malaman Yahudawan Madina. Ibn Hibban da Hakim da Ɗabarani sun kawo shi, ko da yake malaman hadisi sun yi saɓani a kan ƙarfin isnadinsa. Zaidu ya biya Manzon Allah misƙali 80 na zinariya a kan dabino zuwa wani wa'adi. Saura kwana 2 ko 3 wa'adin ya cika, sai ya tare shi a cikin jama'a, ya caƙumi rigarsa, ya zargi dangin Abdulmuɗɗalibi kaf da taurin bashi. Umar ɗan Haɗɗabi ya harzuƙa ya yi masa barazana. Manzon Allah cikin natsuwa da murmushi ya nuna wa Umar cewa abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya yi wa mai biya nasiha da kyautata biya, ya yi wa mai karɓa nasiha da kyautata nema. Sannan ya umarce shi da ya je ya biya mutumin, ya ƙara masa sa'i 20 na dabino saboda tsoratar da shi da ya yi. Ruwayar ta ce Zaidu da gangan ya yi, yana gwada wata alama ta annabci da ya karanta, wato haƙurin da wautar mai wauta ba ta ƙara masa komai sai ƙarfi, kuma a sanadin haka ya musulunta.

Na uku shi ne na Ka'abu ɗan Maliku da Ibn Abi Hadrad, waɗanda muryoyinsu suka ɗaga a cikin masallaci a kan bashi, har Manzon Allah ya ji daga ɗakinsa. Ya yaye labule ya yi wa Ka'abu ishara da hannu ya yafe rabi, Ka'abu ya amince nan take, sai ya umarci ɗayan da ya tashi ya biya abin da ya rage. Kowanne ɓangare an ɗora masa nasa kason: mai nema ya sassauta, mai biya ya daina jan ƙafa.

Abin da muka karanta a Risala

Da Musulunci ya faɗaɗa, birane suka cika da masaƙa da marina da maƙera, sai malaman fiƙihu suka mayar da waɗannan darussa ƙa'idoji. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996. A babin ciniki ya sharɗanta wa salam siffa sananniya da ajali sananne, ya yarda a jinkirta biyan kuɗin kwana 2 ko 3 kawai, ya kuma fifita ajalin ya kai kwana 15. A cikin littafin ne kuma ya tabbatar da hukuncin Malikiyya cewa masu sana'a su ne da lamunin kayan mutane da suka karɓa suka keɓanta da su. Ma'ana, idan yadi ya ɓata a hannun tela, shi zai biya, sai in an samu shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Hukuncin yana da nauyi a kan mai sana'a, amma shi ne yake kwantar da hankalin mai kaya har ya iya komawa gida ya yi barci.

Dokar mako guda

Wurin da wannan matsala ta fi fitowa fili shi ne littattafan hisba, waɗanda aka rubuta domin jagorantar muhtasibi, jami'in da ke kula da kasuwa. A ƙarni na 12, zamanin Salahuddin Al'ayyubi, wani malamin ƙasar Sham mai suna Abdurrahman ɗan Nasru Asshaizari ya wallafa Nihayatur Rutba mai babi 40, yana bin sana'o'i ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan teloli, ya hana su yi wa mutane jeka-ka-dawo, ya kuma ƙidaya yawan zaryar da mai kaya yake yi a matsayin cutarwa da ake yi masa. Iyakar da ya sa ita ce mako guda, sai fa idan an yi sharaɗin fiye da haka tun farko, kuma in an yi sharaɗin ba a ƙetare shi. Yadi mai tsada irin na alharini kuwa, a auna nauyinsa ranar karɓa, a sake aunawa ranar mayarwa. Ibnul Ukhuwwa na Masar, wanda ya rasu a 1329, ya maimaita wannan doka a littafinsa Ma'alimul Ƙurba mai babi 70.

A babin marina akwai abin da zai sa mu fahimci dalilin rashin natsuwar masu kaya. Asshaizari ya ce a rubuta sunan kowa da tawada a jikin tufarsa domin kada a musanya. Ya kuma tona asirin wasu marina da suke ba da hayar tufafin mutane a ranakun idi da bukukuwa, wani ya sa ya yi ado ya dawo da su. Hausawa suka ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 

Daga Istanbul zuwa Jidda

Cinikin da ake ba mai sana'a aikin ƙera abin da babu shi tukuna, malamai suna kiransa istisna'i. Malikiyya sun shigar da shi ƙarƙashin sharuɗɗan salam, Hanafiyya kuwa sun ɗauke shi ciniki mai zaman kansa saboda mutane sun saba da shi. Daular Usmaniyya ta Turkiyya, a kundin dokokinta na Majalla da aka tsara tsakanin 1869 da 1876 ƙarƙashin jagorancin Ahmad Jaudat Pasha, ta yanke cewa da zarar an ƙulla irin wannan ciniki babu mai janyewa shi kaɗai, amma idan kayan suka saɓa wa siffar da aka faɗa, mai oda yana da zaɓin karɓa ko ƙi. A shekarar 1992 kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda ta tabbatar da cewa dole a ambaci wa'adi a cikin istisna'i, ta halatta biyan kuɗin kashi-kashi, ta kuma yarda a sa sharaɗin tara idan aka saɓa lokaci ba tare da wani uzuri da ya fi ƙarfin mutum ba. Daga Madina zuwa Jidda an yi kusan ƙarni 14, amma maganar ba ta tashi daga inda aka fara ta ba: a faɗi rana, a kuma cika ta.

Kammalawa

To, ya ɗan'uwa mai sana'a, me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Da farko ka yanke rana, ka faɗe ta da sunanta, ka rubuta ta a takarda ko a saƙon waya inda ku biyu za ku gani. Ka ƙara kwana ɗaya ko biyu a kan lissafinka saboda ɗaukewar wuta da sauran larurori, domin kawo kaya kafin lokaci bai taɓa jawo faɗa ba. Kada kwaɗayin kafin alƙalami ya sa ka tara ɗinkin Sallah da ya fi ƙarfin kekenka, kana gobe kana jibi har ranar idi; alkawari kaya ne, kuma hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai ikon biya da sunan zalunci. In ka ga ba za ka cika ba, kai ka fara kira tun kafin ranar ta zo, domin shirunka ne yake haifar da kiran nan goma da kake kuka da su.

Idan kuwa ka yi duk wannan amma mutum ya ci gaba da damunka kafin lokaci, ka tuna da Zaidu ɗan Sa'ana. Ka amsa masa da tattausan lafazi, ka tuna masa ranar da kuka yi, ka gaya masa inda aikin ya kai, kada ka rama baƙar magana, kada kuma ka toshe lambarsa alhali kuɗinsa na hannunka. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa kuma ba ka taɓa kayan ba, shari'a ta buɗe ƙofar iƙala, wato warware ciniki da yardar juna a mayar wa kowa nasa, kuma Abu Dawuda da Ibn Majah sun ruwaito falalar wanda ya karɓi wannan daga ɗan'uwansa. Rabuwa lami lafiya ta fi ribar da za a ci da gaba.

Kai kuma mai saye, ka sani addu'ar rahama da Bukhari ya ruwaito daga Jabir mutum uku ta shafa: mai sauƙi in zai sayar, mai sauƙi in zai saya, da mai sauƙi in ya zo neman haƙƙinsa. Mai shagon nan yana da sallah da iyali da barci, ba kai kaɗai ne a littafinsa ba. Ka jira ranarka, in ta zo ka nemi abinka da mutunci.

Allah Ya sanya albarka a cikin nemanmu, Ya sa mu cikin masu cika alkawari da masu haƙuri, Ya raba mu da haƙƙin mutane duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.