Feedly, Inoreader, NewsBlur ko The Old Reader: Wace manhajar RSS ce ta fi sauƙin bi?

Lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, har zuwa Janairun 2022, waɗanda suka dogara da shafin wajen samun labarai sun wayi gari an toshe masu hanya. Kafin nan ma, a Janairun 2018, Facebook ya sanar da rage fifikon da yake bai wa abubuwan da kafafen yaɗa labarai ke wallafawa. Mai son ya riƙa zaɓar majiyoyinsa da kansa yana da wata tsohuwar hanya, wato RSS.

Mene ne RSS?

RSS tsari ne da shafin intanet ke fitar da jerin sababbin abubuwan da ya wallafa, ta yadda wata manhaja za ta iya ɗauko su. Kamfanin Netscape ne ya fara fito da shi a 1999. Mai karatu zai sanya adireshin shafukan da yake so a manhajar, ita kuma ta tara masa labaransu wuri guda. Yawancin shafukan da aka gina da WordPress suna da wannan tsari, kuma ana samun sa idan aka ƙara /feed a ƙarshen adireshinsu.

Google Reader ce ta mamaye wannan fage daga 2005 har zuwa ranar 1 ga Yulin 2013 da Google ya rufe ta. Manhajoji huɗun da ke ƙasa na cikin waɗanda suka gaji masu amfani da ita, kuma dukkansu ana buɗe su ta burauza. An gwama su ne bisa abu biyu: saurin isa ga labarin da ba a karanta ba, da sauƙin gano wanda ya wuce.

Feedly

Ta fara aiki a 2008, kuma ita ce ta fi sauƙi ga sabon shiga. Majiyoyi na jere a gefen hagu, labarai na tsakiya. Ana iya zaɓar ganin kanun labarai zalla, ko kanu da hoto kamar mujalla. Zaɓin farko ya fi dacewa da mai tattalin data. Sai dai tsarinta na kyauta ya tsaya a majiyoyi 100 da rukunoni uku, kuma binciko tsohon labari sai an biya kuɗi.

Inoreader

Kamfanin Innologica na ƙasar Bulgeriya ne ya fito da ita a 2013. Tsarin kyauta na ɗaukar majiyoyi 150, amma da tallace-tallace. Maɓallanta da zaɓuɓɓukanta sun fi na Feedly yawa, abin da kan rikita mutum a kwanakin farko. Ƙarfinta na wajen adana tsofaffin labarai da yi masu alama domin a koma kansu. Ga ɗan jaridar da ke bin diddigin batu guda tsawon watanni, wannan ya fi kyawun fuska muhimmanci.

NewsBlur

Samuel Clay ne ya ƙirƙiro ta a 2009. Tana bai wa mai karatu damar nuna marubuta, kalmomi ko batutuwan da yake so da waɗanda ba ya so. Daga nan sai ta yi wa na farko alamar kore, ta ɓoye na biyu. Tana kuma iya nuna labari yadda yake a ainihin shafinsa. Fuskarta a cunkushe take, kuma tsarin kyauta ya tsaya a shafuka 64. Ta fi amfani ga wanda labarai suka yi wa yawa.

The Old Reader

An gina ta a 2012 bisa kamannin tsohuwar Google Reader. Ba ta da ado: jerin majiyoyi ne da adadin labaran da ba a karanta ba a gaban kowace. Da wuya mutum ya ɓace a cikinta, amma kayan aikinta na tace labarai ba su kai na Inoreader da NewsBlur ba.

Abin lura kafin zaɓi

A dukkan huɗun, harafin j a kwamfuta na kai mutum labari na gaba, k kuma ya mayar da shi baya. Wanda ya saba da wannan zai duba kanu ɗari cikin ɗan lokaci.

Mai bin majiyoyi kaɗan, Feedly ko The Old Reader ta wadatar da shi. Mai bincike da ke komawa kan tsofaffin rahotanni zai fi cin moriyar Inoreader, wanda kuma ke neman rage hayaniya ya gwada NewsBlur. Kamfanonin kan sauya iyakokin tsarin kyauta, don haka a duba su kafin yin rajista.

Kowace aka zaɓa, a riƙa sauke jerin majiyoyi a fayil ɗin da ake kira OPML, wanda dukkansu ke karɓa. Da irin wannan fayil ne masu amfani da Google Reader suka kwashe majiyoyinsu zuwa wasu manhajojin a 2013.